Nas ta ce in rage jiki, kuɗin cefane kuma bai kai ba: yaya zan yi?

Maman_Hafsa_Aboabo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, don Allah wanda ya sani ya taimaka. Na je asibiti aka auna jinina aka ce ya hau, nas ta ɗora ni a sikeli ta ce lallai in rage jiki. Gwiwoyina ma sun daɗe suna damuna, idan na yi sujada da ƙyar nake miƙewa. Damuwata ita ce duk abin da nake gani a waya na rage ƙiba, daga tuffa sai Quaker Oats sai ƙirjin kaza da man zaitun. Mu bakwai ne a gida, tukunya ɗaya muke ci, abin da maigida yake bari da safe kuma da ƙyar yake kai mu dare. Ba zan iya ɗora tukunya biyu ba, gawayin ma aiki ne. Akwai wadda ta rage jiki da irin abincinmu na gida, tuwo da banku da waakye da koko? Ko kuwa rage ƙiba sai mai kuɗi?

Ummu_Rayyan:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba ki lafiya yaya. Ni ma ina nan zaune ina jiran amsa, ciwonmu ɗaya.

Nas_Tafo:
Maman Hafsa sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Kafin ki sayi komai sabo, ki duba abin da ke cikin madafinki yanzu. Kwana nawa kwalbar mai take yi muku? Ina tambaya ne saboda a nan yawancin matanmu suke ɗaukar ƙiba ba su sani ba. Babban cokali ɗaya na mai yana da kalori wajen 120, lita ɗaya kuma ta kai 8,000. Mace baligi abin da jikinta yake bukata a yini bai wuce wajen 2,000 ba, ya danganta da girmanta da aikinta. Mu kuwa da ludayi muke zuba mai, har sai ya taso ya rufe miya sannan mu ce miya ta yi kyau. Manja da man gyaɗa da na jarka da na zaitun duk ɗaya ne wajen kalori, kada wani ya ruɗe ki.

Ki fara auna mai da cokali. Ki rage girman malmalar tuwo ko banku, ki ƙara miyar ganye ta cike gurbin. Ayoyo, kontomire, alayyahu, rama, kuɓewa, kuka, gauta, duk suna nan a kasuwar Aboabo da Asawase a nan Kumasi. Wannan tukunya ɗaya ce, abin da ya canza shi ne yadda kike zuba naki kwanon. Kuma idan likita ya rubuta miki maganin hawan jini ki sha, rage jiki ba ya maye gurbin magani sai shi likitan ya ce a daina.

Ɗan_Hamburg:
'Yar'uwa, gaskiya sai kin bar tuwo da shinkafa da banku gaba ɗaya. Nan Jamus abin da na yi ke nan, da safe ots, da rana kifi da salak, da dare yogot marar sukari. Jikina ya sauka sosai. Abincinmu na gida sitaci ya yi masa yawa.

'Yar_Asawase:
Ɗan Hamburg, ka karanta abin da ta rubuta kuwa? Ta ce mutum bakwai, tukunya ɗaya. Kuɗin yogot ɗinka na mako zai ciyar da gidanta kwana da kwanaki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A ba ta shawarar da za ta iya ɗauka gobe da safe.

Ɗan_Hamburg:
Ban ce ta sayi na kanti ba. Amma sitacin fa gaskiya ne, ko nas ba za ta musa ba.

Nas_Tafo:
Ban musa ba, shi ya sa na ce a rage malmala. Amma bari gaba ɗaya ba dole ba ne, kuma wanda ya ce zai bar tuwo kwata-kwata a Zango, bayan mako biyu za ka same shi ya koma da ƙarfinsa. Abin da mutum zai iya riƙewa shekara da shekaru shi ne mai amfani.

Hajiya_Mai_Waakye:
Bari in sa baki tunda an ambaci sana'ata. Na daɗe ina sayar da waakye, kuma ina ganin yadda mutane suke saye. Ita waakye asalinta shinkafa ce da wake da karan dafi, babu abin da ya fi wannan sauƙi. Abin da ake ɗorawa a kai ne matsala. Mutum zai zo ya ce a sa masa taliya, a sa gari, a sa soyayyar ayaba, a sa shito, sannan ya miƙo kwano ya ce "Hajiya ɗebo mini ta sama", wato man da ya taru a saman miya. Garin nan ma da mai muke murza shi kafin ya yi ja. To shinkafa, taliya, gari, duk abu ɗaya ka tara sau uku.

Akwai wata malamar makaranta da take saye a wurina, ita kullum sai ta ce in ɗebo mata gefen da wake ya fi yawa, in nutsa ludayi ƙasan tukunya inda babu mai, dafaffen ƙwai ɗaya, kabeji da yawa, ba taliya ba gari. Kuɗinta bai kai na sauran ba. Ke da kike dafawa a gida ma kin fi samun dama, ki sa wake ya yi daidai da shinkafa ko ma ya fi ta.

Hajiya_Babba_Yalwa:
Ni dai 'ya'yana ina jin tsoron wannan sabon yayi. A zamaninmu mace in ta yi aure ta cika ta yi jiki, ana cewa mijinta yana riƙe ta da kyau. Yanzu ki rame, dangin miji su fara tambaya ko lafiya, maƙwabta su ce ciwo ne ake ɓoyewa. Maman Hafsa ki bi a hankali, kada ki je neman lafiya ki jawo wa kanki surutu.

Ɗalibin_Tech:
Hajiya Babba, Allah ya ƙara girma, maganarki gaskiya ce game da surutun mutane. Amma zamaninku kuna daka, kuna surfe, kuna ɗebo ruwa, kuna zuwa kasuwar Kejetia da ƙafa. Yanzu injin niƙa yana bakin layi, pragya, babur mai ƙafa uku, tana ƙofar gida. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa da aka yi a Gana a 2022 ya nuna kusan rabin mata 'yan shekara 20 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima. Shi ya sa hawan jini da ciwon sukari suka cika gidajenmu, kowa a nan yana da wani nasa da yake shan magani. Kuma ba a ce ta koma kamar budurwa ba. Likitoci sun tabbatar ko kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin mutum ya rage, jini da sukari suna sauka. Mai kilo 90 ke nan in ta sauke kilo 5 zuwa 9 ta yi babban aiki, kuma zaninta ma ba zai nuna sosai ba balle a yi surutu.

Hajiya_Babba_Yalwa:
To ɗana, in dai kaɗan ne don gwiwa da jini, ban ƙi ba. Wanda nake ƙi shi ne yarinya ta hana kanta abinci har idonta ya zurma.

Maman_Hafsa_Aboabo:
Na gode ƙwarai. Anti Nas, kwalbar lita ba ta kai mana mako, gaskiya. Bari in faɗi yadda nake ci don ku gane. Da safe koko da sukari da ƙosai, wani lokaci da burodi. Da rana ba na zama in ci wani abin kirki, sai dai in jiƙa gari da sukari da gyaɗa, ko in ƙarasa abin da yara suka rage don kada a zubar. Da dare kuma sai maigida ya dawo daga kasuwa muke ci, wajen ƙarfe tara ko goma, banku ko tuwo, daga nan sai barci. Ni a ganina ma ba na cin abinci da yawa, shi ya sa abin yake ba ni mamaki.

Nas_Tafo:
Yauwa, yanzu magana ta fito. Ba ki cin da yawa a zama ɗaya, amma dubi sukarin. Koko cokali nawa? Jiƙon gari cokali nawa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya wuce gram 50 a yini, wajen ƙaramin cokali 12, in an tsaya a 6 ya fi. Yawancinmu koko kaɗai yana cinye huɗu ko biyar. Kokonmu yana da citta da kanumfari da barkono, yana da ɗanɗanonsa. Ki riƙa rage rabin cokali duk bayan 'yan kwanaki, harshe yana sabawa. Ki zaɓi ɗaya, ƙosai ko burodi, kuma ƙosai ya fi riƙe ciki tunda wake ne, sai dai shi ma mai ya sha, biyu ko uku sun isa.

Jiƙon gari shi ne na fi so ki canza. Gari busasshe ne, kaɗan ɗin da kike gani a kofi yana da nauyi a jiki, kuma ba ya daɗewa sai yunwa ta dawo. Ki ci abincin rana na gaske, ko dafaffen wake ne da ɗan gari a barbaɗe, ko doya dafaffiya yanka biyu da miyar kontomire. Wadda ta ƙoshi da rana ba ta afka wa banku da dare.

Ragowar yara kuma ki rage abin da kike zuba musu tun farko, in ba su ƙoshi ba a ƙara. Wanda ya saura a rufe a ba su anjima.

'Yar_Asawase:
Wannan na ragowar yara ya taɓa kowace uwa a nan, wallahi. Ba ma lissafa shi a cikin abin da muka ci.

Shayin_Rage_Tumbi:
Assalamu alaikum mata. Duk wannan wahalar ba sai kun yi ba. Ina da shayin ganye na gargajiya, kwana bakwai tumbi ya tafi, ba sai kin bar komai ba. A yi mini magana ta akwati.

Mai_Kula_Da_Zaure:
Ba a talla a nan, 'yar'uwa, dokar zaure ce. Na bar saƙon don a amsa shi kowa ya amfana, amma kada a sake.

Nas_Tafo:
Yawancin irin wannan shayi filasko ne a ciki, ko abin da yake sa yawan fitsari. Gudawa za ki yi ta yi, sikeli ya nuna kin sauka, alhali ruwa ne ya fita, kitse yana nan. Ga mai hawan jini kuma haɗari ne, domin yana zubar da gishirin jiki da zuciya take bukata, musamman in tana shan maganin jini mai sa fitsari. Duk abin da babu lambar rajistar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna, a jikinsa kada ya shiga bakinku. Rage jiki mai lafiya rabin kilo ne zuwa kilo ɗaya a mako, ba fiye ba.

Haka ma ɗaya ɓangaren, 'yan matan da suke shan ƙwayoyi don su yi jiki kafin aure. Wasu daga ciki dexamethasone ne, yana kumbura fuska, yana tayar da sukari da jini. Muna ganinsu a wurin aiki, abin tausayi.

Tela_Sawaba:
Ni tela ce, kuma ba ni da sikeli a gida, da tef ɗin awo nake bibiyar kaina. An koya mini cewa ƙugu, daidai cibiya, kada ya wuce rabin tsayin mutum. Mai tsayin santimita 160 ƙugunta ya tsaya ƙasa da 80. Ko igiya kika samu, ki auna tsayinki, ki ninka ta biyu, ki zagaya cikinki, in ba ta haɗu ba kin san akwai aiki. Ni abin da na bari shi ne Malta da burkina da nake sha a shago kullum da rana, na koma ruwa da soɓolo na gida wanda nake sa wa abarba da citta, sukari ɗan kaɗan. Kayan sallata na bara sai da na rage musu ƙugu. Kuɗin da nake kashewa a abin sha kuma yanzu ƙwai nake saya wa yara da shi.

Ɗalibin_Tech:
Anti Tela, ƙarin bayani a kan abin sha: gwangwanin lemon kwalba na mililita 330 yana ɗauke da sukari wajen gram 35, wato kusan ƙaramin cokali tara. A 2023 gwamnati ta sa harajin kashi 20 cikin ɗari a kan abubuwan sha masu zaƙi, don haka barinsu riba biyu ce. Burkina da fura kuwa gero ne da nono, ba laifi, sukari da madarar da ake tuttulawa ne suke ɓata su. Kuma abinci ne, ba ruwa ba. In kin sha fura kin ci abincin rana ke nan.

Direban_Pragya_Alabar:
A yi haƙuri in shigo, na ga kamar duk mata ne, amma mu ma abin ya same mu. Yini nake a zaune a kan pragya, da dare in tsaya wurin mai shayi, Indomie biyu da ƙwai uku, shayi da Milo da madara da burodi. Tumbi ya fito har yana taɓa kan mashin. Ni ba ni da matar da za ta dafa mini. Wanda yake ci a waje yaya zai yi?

Hajiya_Mai_Waakye:
Ɗana, ka ci mai nauyin da rana. Wake da gari wurin masu sayar da shi, ka ce a rage manja, soyayyar ayaba biyu kawai. Ko dokunu ɗaya, dafaffen ƙullin masarar nan, da kifi da barkono, wannan babu mai in ba na kifin ba. Da dare ka ce wa mai shayi Indomie ɗaya, ya yanka albasa da kabeji da yawa, kuma ka tsaya a kansa lokacin da yake zuba mai a kasko, don su hannunsu a sake yake.

Direban_Pragya_Alabar:
Na gode Hajiya. Dokunu ɗaya dai, Allah ya sa in iya.

Malam_Na_Akwatia_Line:
Bismillah. Wannan magana tana da asali a addini. Allah ya ce mu ci mu sha kada mu yi ɓarna, a Suratul A'araf aya ta 31. Kuma a hadisin da Tirmizi ya ruwaito, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna ɗan Adam bai cika wani mazubi mafi sharri kamar cikinsa ba, in ya zama dole to kashi ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. Wannan ba ya bukatar ko pesewa. Ga kuma azumin Litinin da Alhamis ga mai iko. Sai dai a gyara niyya, a yi don Allah, lafiyar ta biyo baya.

Baban_Khalid:
Malam, Allah ya saka. Amma azumi kaɗai ba ya rage jiki in buɗa-baki irin namu ne. Ku duba watan Ramadan, da an kira salla ga ƙosai, ga masa, ga pinkaso, ga lamurje mai sukari, ga koko, sannan a dawo daga tarawihi a zauna wa tuwo. Mutane da yawa suna fita azumi sun fi yadda suka shiga nauyi. Kuma ni mai ciwon sukari ne, likitana ya gargaɗe ni kada in ɗauki azumi ban zo an daidaita mini magani ba, domin sukari yana iya faɗuwa mutum ya sume. Masu irin ciwona su kiyaye.

Malam_Na_Akwatia_Line:
Haka ne Baban Khalid, mara lafiya yana da rangwame, ya bi maganar likitansa.

Maman_Hafsa_Aboabo:
Ina karantawa duka, Allah ya biya ku. Maganar wake nake so in koma. Kowa yana cewa wake, wake, amma wake yana cin gawayi, kuma ba shi da araha kamar da. Firji kuma babu, ko akwai ma wutar ba ta da tabbas.

Inna_Moshie_Zongo:
'Yata, ki jiƙa shi tun dare. Da safe ki zubar da ruwan, ki ɗauraye, ki ɗora da sabon ruwa, za ki ga ya nuna da wuri kuma ba ya kumbura ciki sosai. Ni in ya tafasa sosai sai in sauke tukunyar a rufe, in naɗe ta da tsohon bargo in sa a kwali, in tafi harkata. Kafin azahar ya yi laushi, sai ɗan ɗumi kawai. Gawayin da ya saura a kurfoti in dafa miya da shi. Ki dafa na yini ɗaya, in ya kwana ki tafasa shi sosai da dare da kuma safe.

Sayen kuma kada ki riƙa sayen kofi-kofi, nan ake cin kuɗinmu. Mu a gidanmu mata huɗu muke haɗa kuɗi, mu sayi olonka, wato gwangwanin awo, da yawa lokacin kaka da sabon wake ya shigo daga Ejura da Techiman, mu raba. Ki shanya shi ya bushe ƙarau, ki zuba a jarka mai murfi da busasshen barkono saboda ƙwari.

Sai tuwo. Ki gwada kai masara niƙa ba tare da an surfe ta ba, ko ki haɗa da dawa ko gero. Kin huta da kuɗin surfe, garin ya fi auki tunda ba a fitar da dusa ba, kuma ƙaramar malmala tana riƙe ki har dare. Launinsa ba fari tas ba ne, yara za su yi ƙorafi da farko. Ki fara da rabi da rabi.

Ummu_Rayyan:
Inna wannan dabarar bargo ban taɓa ji ba, zan gwada. A sa kanwa ko kada a sa?

Nas_Tafo:
Kanwa tana da sinadarin sodiyam, irin wanda ke cikin gishiri, don haka mai hawan jini ta rage ta sosai, jiƙon da Inna ta faɗa ya wadatar. Tunda an zo nan: gishiri a yini kada ya kai gram 5, ƙaramin cokali ɗaya ke nan, har da wanda yake ɓoye. Dunƙulen Maggi kusan rabinsa gishiri ne. Koobi da momoni, kifin nan da ake adanawa da gishiri, gishiri ne zalla, a jiƙa su a zubar da ruwan kafin a sa, kuma in an sa su kada a ƙara wani gishirin. Daddawa, albasa, citta, tafarnuwa da garin busasshen kifin amane suna ba miya ɗanɗano, dunƙule ɗaya ya isa inda ake sa uku. Amane da ƙananan kifin nan na Keta sun fi nama araha kuma suna gina jiki. Ganda daɗin tauna ce kawai, kada a dogara da ita.

Alhaji_Mai_Goro:
Ni magidanci ne, bari in faɗi ta ɓangarenmu. Na yini a kasuwa, na dawo a gajiye, a kawo mini miya fara ba mai, tuwo baƙi, a ce wai ana rage ƙiba. Ni na ce ina so in rage? Kada gyaran mutum ɗaya ya zama horon gida duka. A yi shawara da maigida tukuna.

'Yar_Asawase:
Alhaji, da girmanka, shawara da maigida dole ce, ban ƙi ba. Amma in matar ta kwanta da shanyewar ɓarin jiki, wa zai dafa miyar mai man? Kuma maza nawa ne a Zango suke yawo da hawan jini ba su taɓa aunawa ba?

Hajiya_Mai_Waakye:
Ba sai an yi faɗa ba. Ki yi miyarki da mai kaɗan, ki ɗebi naki, sannan ki soya ɗan manja da albasa a gefe ki zuba a kwanon maigida. Amma in kika rage a hankali, Alhaji, wallahi ba za ka gane ba. Tumatir da albasa in sun dahu sosai sun ƙone ruwansu, miya tana yin daɗi ko mai bai taso ba.

Alhaji_Mai_Goro:
In dai za a sa mini nawa a gefe, babu damuwa.

'Yar_Nima:
Gaisuwa daga Accra. Mu ma nan tsadar ce, tun 2022 da hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin ɗari kasuwa ba ta koma yadda take ba. Abin da ya taimake ni shi ne shuka. Buhunan shinkafa na cika da ƙasa na jera a bayan ɗaki, ayoyo da alayyahu, ruwan wankin shinkafa nake zuba musu. Alayyahu cikin 'yan makonni ake fara tsinka. Kayan marmari kuma ina bin lokacinsu, lemu in ya yi yawa, mangwaro, kankana, gwanda. Babu wanda ya ce sai tuffa. Kasuwa kuma da yamma nake zuwa lokacin da masu ganye suke son su tashi. Tumatir mai laushi ina saya, amma wanda ya yi fumfuna ko yake wari ba na taɓawa ko kyauta ne.

Tela_Sawaba:
Ba a yi maganar biki ba fa. Asabar da Lahadi a Kumasi aure, suna, addu'a, ko'ina a miƙo miki jalof da soyayyen nama da lemon kwalba. Abin da kika tara Litinin zuwa Juma'a ya tafi. Ni yanzu ina karɓa in yi godiya in sa a jaka in kai wa yara su raba, ba wanda ya ji haushi.

Ɗalibin_Tech:
Da tafiya a ƙasa. Minti 150 a mako ake so, wato rabin awa sau biyar. Bayan asuba akwai masu zagaya wajen shataletalen filin jirgi da filin wasa na Baba Yara, har da mata cikin hijabinsu. Mai ciwon gwiwa ta fara da minti goma a shimfiɗaɗɗen wuri. In za ki kasuwa ki sauka kafin tasharki, kin rage kuɗin mota ma. Amma gaskiya tafiya kaɗai ba ta sauke jiki in kwano bai canza ba.

Ummu_Rayyan:
Anti Nas, ni ina shayarwa, jaririn bai kai wata shida ba, kuma tun da na fara allurar tazarar haihuwa nake ganin jikina yana ƙaruwa. In bi duk wannan?

Nas_Tafo:
Rage sukari da mai da lemon kwalba ki bi, ba ya cutar da nono. Amma kada ki rage abinci sosai ko ki tsallake ci, mai shayarwa tana bukatar ƙari a kan na kullum. Ki ci wake, ƙwai, kifi, ganye, ki sha ruwa. Allurar wata uku tana sa wasu mata ƙarin nauyi, gaskiya ne. Kada ki daina da kanki, ki koma inda ake yi miki ki faɗa musu, akwai wasu hanyoyin. Maman Hafsa ke kuma in kin koma awo ki roƙa a duba miki sukari, kuma ki tambaya ko za a haɗa ki da masanin abinci, akwai su a asibitin Komfo Anokye.

Maman_Hafsa_Aboabo:
Na yi magana da Baban Hafsa, ya yarda da rage mai da Maggi, shi ma ya ce zai je a auna jininsa. Tuwon da ba surfe ne ya ce a bari tukuna. Abin da ya rage mini shi ne abincin dare. In na ci da magariba tare da yara, shi zai ci shi kaɗai ƙarfe goma, kuma tun da muka yi aure ba mu saba haka ba. Ba na so ya ga kamar na guje shi.

Hajiya_Babba_Yalwa:
Kada ki bar mijinki ya ci shi kaɗai, 'yata. Wannan zaman shi ne auren.

Nas_Tafo:
Ki ci naki da magariba, in ya dawo ki zauna da shi da ɗan kwanon miyar ganye ko lemu ɗaya. Kin zauna, kin sa hannu, ba ki kwanta da banku a ciki ba.

Baban_Khalid:
Ni ban ga laifin ci ƙarfe goma ba in dai kaɗan ne. Jimillar abin da aka ci a yini ita ce magana. Ta raba nata biyu, rabi da magariba rabi tare da shi.

Nas_Tafo:
Hakan ma ya yi, in dai rabin ya tsaya rabi. Wanda ya zauna gaban tuwo mai zafi da yunwar dare ya san wuyar tsayawa.

Maman_Hafsa_Aboabo:
Zan gwada na Baban Khalid wannan makon in gani, in bai yi ba in koma na Anti Nas. Inna ta Moshie Zongo, haɗin kuɗin waken nan naku, kuna karɓar na waje? Akwai maƙwabciyata ma tana so, mu biyu ne.

Inna_Moshie_Zongo:
Sai na tambayi sauran, amma ku ma in kun kai huɗu a layinku ku haɗa naku, ya fi muku sauƙin rabo. Farin wake za ku saya ko ja? Jan ya fi saurin nuna a wurina.

'Yar_Asawase:
Ni dai fari na sani yana saurin nuna, Inna. Ko ya danganta da sabo ne ko tsoho? Maman Hafsa ku sa ni a cikin naku, mun zama uku.